Mita nawa za a iya buɗe bututun mai alhali yana aiki?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai kula da leburori a aikin kwalbati a wajen Maradi. Hanyar da suke gyarawa ta ratsa ta kan layin bututun mai, dole sai an buɗe ƙasa an ga bututun kafin a zuba kankare kusa da shi. Injiniyan masu bututun ya ce kada a buɗe fiye da mita 8 a lokaci guda, sai an tallabe an mayar da ƙasa sannan a ci gaba. Shi kuwa so yake ya buɗe mita 30 gaba ɗaya ya gama kafin ruwa ya sauka. Ya ce: “Ƙarfe ne fa mai kauri, ba roba ba. Me zai same shi don an cire masa ƙasa na kwana uku?”

Ƙanena, ka tsaya a kan mita 8 ɗin nan. Amma ba zan bar ka da “ka bi umarni” kawai ba, domin wanda bai san dalili ba, ranar da injiniya ya juya baya zai ce wa mai katafila ya ƙara mita biyar. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, ƙasar da ke kewaye da bututu ba rufi ba ce kawai, aiki take yi. Ita ke ɗauke da nauyinsa daga ƙasa, ita ke riƙe shi kada ya goce gefe, ita ke danne shi kada ya taso sama. Duk felu guda da ka kwashe, wani aiki ne ka karɓe daga hannun ƙasa ka ɗora wa ƙarfe. Shi kuma ƙarfen ba zaune yake ba, tun kafin ka iso yana ɗauke da lodi mai yawa.

Mu nan jihar Maradi wannan magana ta zama tamu. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000 da faɗin inci 20, ya ratsa Difa da Damagaram da Maradi da Tawa da Doso, an kuma tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Tun 2024 ake lodin mansa a jirgin ruwa. Kafin shi akwai na Agadem zuwa matatar mai ta SORAZ a Damagaram da ke aiki tun 2011. Ke nan mai yin hanya, da mai gina rijiya, da mai kwasar yashi, kowa yana iya cin karo da layin nan wata rana.

Kowane ƙarfen bututu yana da iyakar da in lodi ya wuce ta, sai ya miƙe ko ya lotsa ya ƙi komawa yadda yake. Ana auna lodin jikin ƙarfe da megafaskal. Ƙarfen da ake kira X60, alal misali, iyakarsa 415 ce. Ba a barin bututu ya kusanci wannan adadi. Ƙa'idar ASME B31.4, wadda ake tsara bututun mai da ita a ƙasashe da yawa, ta ce lodin da matsin mai ke jawowa a kewayen bututu kada ya wuce kashi 72 cikin 100 na iyakar, sannan in an haɗa lodin kewaye da na tsawo a bututun da ƙasa ta riƙe, kada jimlar ta wuce kashi 90. Akwai kuma takardar API 1117 da aka rubuta musamman domin motsa bututu ko saukar da shi yana cikin aiki. Daga irin waɗannan ne injiniyan ya fitar da mita 8 ɗinsa, ba daga ka ba.

Bari mu yi lissafi da bututun misali, ka gani da idonka. Alƙaluman ni na zaɓe su domin koyarwa, na ainihi suna cikin takardun masu bututu, kuma da su kaɗai ake yanke hukunci. Mu ce faɗinsa milimita 508, wato inci 20, kaurin bangonsa milimita 8.7, ƙarfensa X60, mai na gudu cikinsa da matsin bar 70, wato megafaskal 7.

Lodin kewaye shi ne mafi sauƙin lissafi: matsi sau faɗi, a raba da kauri sau biyu. Bakwai sau 508, a raba da 17.4, ya ba da megafaskal 204. Ka ga tun ba ka taɓa ƙasa ba, matsin mai kaɗai ya cinye kusan rabin ƙarfin ƙarfen.

Sai nauyi. Mita guda ta wannan bututu, ƙarfenta kaɗai kilo 107 ne. Man da ke cikinta kuma kusan kilo 165. Jimla wajen kilo 270 a kowace mita. Yana binne, wannan nauyi ba ya damun kowa, ƙasa na tallabe da shi taku bayan taku. Da ka rarake ƙarƙashinsa, ya zama azara. Duk maginin gargajiya ya san azara tana da iyakar faɗin ɗakin da za ta iya ratsawa, in ɗaki ya fi haka sai a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko da itacen giginyar lafiyayye ne. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda lodin ke hawa. Ba daidai da tsawo yake hawa ba. In ka ninka tsawo sau biyu, lodin lanƙwasa ya ninku sau huɗu. A bututun misalinmu, in muka ɗauka bakin ramin biyu ba su riƙe shi gam ba, mita 10 a rataye tana ba da lodin lanƙwasa kusan 20. Mita 20 tana ba da 81. Mita 30 ɗin da kake so tana ba da 181. Mita 40 kuwa 323.

Kuma ido ba zai gaya maka ba. A mita 10 bututun zai sauko da milimita 4 kacal a tsakiya. A mita 20 wajen santimita 6. Wa zai tsaya a bakin rami ya hango santimita 6 a tsawon mita 20? Shi ya sa ake kafa na'urar awon tudu, a sa alama da alli a saman bututun, a auna kafin a rarake, a riƙa aunawa safe da yamma. A yashi irin namu na jigawa akwai ƙarin matsala: bakin ramin ba dutse ba ne, yana lotsawa yana zubewa a ƙarƙashin bututun. Ka auna mita 8 da tef, amma tsawon da ke rataye a zahiri ya kai 10 ko fiye. Injiniya mai hankali yana saka wannan cikin lissafinsa.

Ga wani abu da nake ganin shi ne kuskuren da aka fi yi a wurin aiki. Leburori sun sauka ta gefe ɗaya, sun ga gefen bututu, sai su fara rarake ƙarƙashinsa alhali ƙasar da ke samansa tana nan. Ka lissafa: ƙasa mai tudun mita guda a kan bututu mai faɗin rabin mita, kowace mita ta tsawo tana da nauyin kusan kilo 850. Wato ka ninka nauyin da ke rataye sau huɗu. Mita 20 ɗin da ta ba da 81 yanzu ta haura 330, ba a ma saka matsin mai ba. Don haka tsarin ba ya canzawa: a fara kwashe ta sama, sannan gefe biyu a tare, daidai wa daida, kada gefe ɗaya ya yi zurfi ya bar ɗayan yana tura bututun, sai a ƙarshe a shiga ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan, ana tallabewa ana tafiya.

Yanzu ga wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne zafi. Ƙarfe yana miƙewa in ya ɗumama. Bututun da aka binne yana so ya miƙe, ƙasa ta hana shi, sai miƙewar ta koma matsewa a cikin jikinsa. Kowane digiri guda da ya ƙaru a kan zafin ranar da aka binne shi yana ƙara lodin matsewa kusan 2.4. Ka ɗauka an yi waldarsa an rufe shi da sanyin safiyar hunturu yana digiri 20, yanzu kuma yana aiki a digiri 50. Bambancin digiri 30 ya ba da 72. In ka yi wannan sau faɗin naman ƙarfen, ƙarfin da ke tura bututun ta tsawonsa ya kai tan 100. Matsin man ma yana da nasa rabo a nan, abin da ko wasu masu karatun fannin kan manta: a bututun da aka hana motsi, matsin ciki yana ƙara masa son gocewa, kuma a misalinmu wannan ya kai wajen tan 54. Tan 150 ke nan suna neman inda za su fita, ƙasa ce kaɗai ta hana. Ka buɗe gajeren wuri, taurin bututun ya isa ya riƙe kansa. Ka buɗe dogon wuri, sai ya fara bauɗewa gefe ko sama, kuma ɓangarorin da ke binne hagu da dama su riƙa turo masa ƙarin tsawo. A mita 30, ƙarfin da zai sa wannan bututu ya goce yana tsakanin tan 100 da tan 390, ya danganta da yadda bakin rami ya riƙe shi. A yashi sako-sako kana kusa da na ƙasan. Ko bai goce ba, wannan turi yana ƙara zurfin lanƙwasar da nauyi ya fara.

A Maradi cikin Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura digiri 40, balle ƙarfe mai baƙar rigar kariyar tsatsa da aka shanya a rana. Muddin mai yana gudu, yana kwashe zafin. Amma in aka tsayar da famfo aka rufe bawul gaba da baya, man da ya maƙale yana ɗumama yana neman faɗaɗa, matsi ya hau da sauri. Shi ya sa ake yi wa buɗaɗɗen bututu rumfa ko a lulluɓe shi da farin tamfol, ba don ado ba.

To mu haɗa. A tsawon bututun, matsin mai yana jawo ja na kusan 61, wato kashi 30 cikin 100 na lodin kewaye. Zafi ya kawo matsewa 72. Saura matsewa 11. A tsakiyar wurin da ke rataye, saman bututun matsewa yake yi, cikinsa na ƙasa kuma ja. A mita 30, saman ya samu 11 da 181, wato 192. Idan lodin tsawo matsewa ne, lodin kewaye kuma ja, ba sa rage wa juna, haɗa su ake yi: 204 da 192 sun ba da 396. Iyakar kashi 90 ita ce 374. Ka wuce. Kuma ka wuce ne a bututu sabo fil, miƙaƙƙe, marar tsatsa, ba ƙasa a kansa, ba a ma saka ƙarin lanƙwasar da turin tan 150 ke kawowa ba.

Za ka ce to mita 20 fa, ai jimlarta 296 ce, ta shiga. A takarda ta shiga. Dalilin da ya sa aka ba ka 8 ba 20 ba shi ne abubuwan da takarda ba ta gani. Ranar da aka saukar da bututun cikin rami, ba a kan tebur aka shimfiɗa shi ba. An tilasta masa ya bi tudu da gangare, wani wurin an ja bakinsa da ƙarfin inji kafin a haɗa walda ta ƙarshe. Wannan lodi yana nan kwance a jikinsa har yau. Ƙasa ma tana iya zama ta nitse a ƙarƙashinsa bayan damina biyu ko uku. Sannan akwai waldar da ke haɗa tsayi da tsayi, kusan kowace mita 12, kuma lodin tsawo a kanta yake sauka kai tsaye. In waldar tana da ɗan aibi a ciki, lanƙwasa ce ke buɗe shi. Sai tsatsa: in ta cinye kashi 30 na kauri a dogon wuri, 204 ɗin nan ya zama kusan 290 a wurin. Masu bututu suna tura na'ura ta bi cikinsa tare da mai tana auna kauri da lotsawa, kuma akwai hanyar lissafi, ASME B31G, ta sanin ko wurin da ya ci tsatsa zai iya ɗaukar matsi. Kai ba ka da wannan rahoto, su suna da shi. Ni a ganina injiniyan da ya rage tsawo saboda abin da ba ya iya gani ya fi wanda ya cika lissafi har baki sanin aikinsa.

Rage matsi shi ne babban makamin da ke hannun masu bututu. Idan tonon na duba wani aibi ne da na'ura ta nuna, abin da aka saba shi ne a sauke matsi zuwa kashi 80 cikin 100 na mafi girman matsin da wurin ya gani a ƴan kwanakin baya. Hikimar a fili take: aibin ya riga ya jure wancan matsi bai fashe ba, to in aka sauko da kashi 20 an samu tazara. A misalinmu bar 70 ya koma 56, lodin kewaye ya sauko daga 204 zuwa 163. Wani aibin sai an sauke fiye da haka, wani ma sai an tsayar da mai ɗungurungum. Mafi haɗari shi ne lotsawar da dutse ya yi daga ƙasa. Dutsen yana danne da wurin, matsin ciki yana son ya mayar da shi. Ka zare dutsen, ƙarfen ya bugo waje, in akwai tsaga a ciki a lokacin take buɗewa. Wani lokaci ma dutsen ne ya toshe ɗigon. Saboda haka duk wanda ya ga bututu zaune a kan dutse ya dakata, ya fito, ya kira. Kuma kafin kowa ya sauka rami, a tabbatar ɗakin da ke sarrafa famfuna ya san akwai mutane a wurin, da lambar waya ko rediyo a hannun mutum guda sananne, domin kunna famfo ko rufe bawul farat ɗaya yana aiko da bugun matsi har inda kuke.

Game da tonon kansa, kada ka yarda da turakun alama. Suna nuna cewa akwai bututu a yankin ne, ba su nuna daidai inda yake ko zurfinsa ba. Iska da zaizaya suna cin ƙasar sama, wurin da aka binne da zurfin mita guda da ɗoriya yana iya komawa rabin haka. Masu bututu su zo da na'urarsu su gano layin, sannan a yi ramin gwaji da hannu har a ga bututun ido da ido, a taɓa shi. Za ka iya cin karo da kirtanin gargaɗi na leda tun kafin ka kai. A kula da wayoyi: sau da yawa akwai wayar sadarwa kwance a gefen bututu, akwai kuma wayoyin kariyar tsatsa ta lantarki da aka liƙa a jikinsa. Bayan an gan shi ne katafila za ta yi aiki, da bokiti marar haƙora, tana ja a layi ɗaya da bututun ba ta gicciye ba, da mutum guda da ba shi da wani aiki sai kallon bakin bokitin. Tazarar da inji ba ya ƙetarewa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, da yawa suna sa santimita 50 ko 60, wasu mita guda. A Kanada doka ta kai ga cewa duk mai son tono cikin mita 30 daga tsakiyar layin sai ya samu izinin kamfanin a rubuce. Cikin wannan tazara felu ne kawai. Diga ma ban yarda da ita kusa da bututu ba.

Ina so ka tara yaranka ka gaya musu magana ɗaya da bakinka: duk wanda ya ƙwarzani bututu ya faɗa, ba za a kore shi ba, ba za a yanke masa kuɗi ba. Ƙwarzanen haƙorin katafila ba lalle ya fashe a ranar ba. Yana lotsa ƙarfe, ya taurara fatar wurin, ya bar ƙananan tsagogi da ke girma duk lokacin da matsi ya hau ya sauka. A garin Ghislenghien na Beljiyam, injin masu gini ya ƙwarzani bututun gas, aka ci gaba da aiki. Bayan wasu makonni, ranar 30 ga Yuli 2004, ya fashe, mutum 24 suka mutu, sama da 100 suka jikkata. A Bellingham ta Amurka, bincike ya nuna an ji wa bututun fetur rauni lokacin wani aikin ruwa a 1994. Sai ranar 10 ga Yuni 1999 ya fashe, kusan lita 900,000 suka malala cikin ƙorama suka kama wuta, yara biyu da wani saurayi suka rasu. Shekara biyar tsakani. Lebura yana ɓoye ƙwarzane ne don tsoron shugabansa, kai ne za ka cire masa wannan tsoro. Ko rigar bututun kaɗai aka yaga, a faɗa, domin nan tsatsa za ta fara.

Tallabewa ba wuya, kulawa take so. Buhunan yashi da aka jera da kyau, ko katako mai kauri da aka shimfiɗa wa roba a inda zai taɓa bututun, a kan ƙasa mai tauri da ba za ta nitse ba. In rataye shi za a yi daga ƙarfen da aka gitta a saman rami, da faffaɗar majanyi ta nailan za a yi, ba sarƙa ba, ba wayar ƙarfe ba. Kada a ɗaga shi ya wuce inda aka same shi, domin ɗagawa ma lanƙwasa ce. Kada kowa ya taka shi ya mai da shi gada, kada a jingina masa tsani ko a ɗora masa buhun siminti. Inda bututu ya yi kwana ko ya hau tudu ya sauko, lissafin miƙaƙƙen wuri ba ya aiki, domin turin nan na tan da yawa a bayan kwanar yake sauka, ƙasar wurin ce ke tare shi. Haka wurin bawul, saboda nauyinsa. Waɗannan sai da lissafinsu na daban. Kamyon yashi da katafila kuma kada su ƙetare layin sai ta inda masu bututu suka nuna aka shimfiɗa abin raba nauyi.

Ramin kansa yana iya kashe mutum ko da bututun bai yi komai ba. Mita guda ta yashi tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya da rabi, in ta rufto wa mutum har ƙirji numfashi ya gagara. A dokar aiki ta Faransa, siririn rami da ya wuce mita 1.30 dole a tokare bangonsa, a Amurka iyakar wajen mita 1.5 ce. In ba za a tokare ba, a yashi sai a kwantar da bango, kowace mita guda ta zurfi a ja baya mita ɗaya da rabi. Ƙasar da aka kwaso a zuba ta nesa da baki, aƙalla santimita 60, ni na fi son mita guda ko fiye. Tsani biyu, ɗaya a kowane gefen bututu, don kada mai gudu ya tsaya tsallake shi. Tururin ɗanyen mai ya fi iska nauyi, a gindin rami yake taruwa. A auna iska da na'ura kafin a sauka da kuma lokacin aiki. In iskar oksijin da ke cikin ramin ta gaza kashi 19.5 cikin 100, ko tururi ya kai kashi 10 cikin 100 na ma'aunin da yake fara kama wuta, kowa ya fito. Ƙasa mai baƙi-baƙi ko mai warin mai alama ce ta tsayawa nan take. Mai shayi da masu taba su koma nesa, ta inda iska ke fitowa.

Damina da kake gudu, gaskiyarka ne ka guje ta, amma ita ce ma babbar hujjar gajeren rami. Wanda ya ga ruwan ƙarshen Agustan 2024 a Maradi ya san abin da dare ɗaya ke iya yi. Rami mai mita 30 a buɗe ƙorama ce ka gina. Ruwa zai cinye ƙarƙashin buhunan tallabe, ya zubar da bakin ramin, mita 30 ta wayi gari 40. Sannan ga tasowa: mita guda ta bututun misalinmu tana ture ruwa kilo 203. In yana cike da mai, kilo 270 ɗinsa ya rinjaya da kaɗan. In babu komai a ciki, kilo 107 ne kawai, sai ya taso sama da ƙarfi ya lanƙwashe ta ɗaya fuskar. Ramin mita 8 kuwa ana iya tallabe shi a rufe cikin yini guda in hadari ya haɗu a gabas.

Mayar da ƙasa shi ne inda gajiya ke sa a yi sakaci, alhali lodin da aka bari a nan zai zauna shekaru. Kafin a rufe, masu bututu su bi rigarsa da na'urar gano huda su gyara. Sannan a cika ƙarƙashinsa da yashi mai laushi marar tsakuwa, a daddanna shi da hannu har ya cika ɓangarorin ciki biyu, kafin a zare abin tallabe ɗaya bayan ɗaya. In aka bar ƙarƙashi sako-sako aka tula ƙasa a sama, an mayar da shi rataye ke nan da kilo 850 a kowace mita, sai dai yanzu ba mai gani. A rufe shi da yashi mai laushi santimita 20 ko 30, a ci gaba hawa-hawa ana dannawa, injin dannawa mai nauyi kuma sai ƙasa ta yi kauri a kansa. A mayar da kirtanin gargaɗi, a sake auna tudun bututun a rubuta.

In lokaci ne damuwarka, ga abin da za ka kai wa injiniyan gobe. Ka tambaye shi ko zai yarda a buɗe rami biyu a tare, kowanne mita 8, a bar ƙasar asali a tsakaninsu ba a taɓa ba, da tsawon da shi zai faɗa. In an gama an rufe su an danne, sai a dawo kan na tsakiyar. Ka tambaye shi kuma ko akwai ranar da za su rage matsi saboda wani aikin nasu, ka daidaita tononka da ita, ka kuma sa aikin rarake ƙarƙashi da sassafe kafin ƙarfe ya ɗauki rana. Ka tanadi buhunan yashi da katako da yashin cikawa a bakin rami tun kafin a sa felu na farko, domin yawancin lokacin da ake ɓatawa a jiran kaya ne. Duk abin da ya amince da shi, ya rubuta a takardar izinin aiki ya sa hannu: tsawon da za a buɗe, tazarar abin tallabe, matsin da za a riƙe, da sunan wanda za a kira. Kwafi ɗaya ya zauna a aljihunka, ɗaya a wurin mai katafila.